Suɗewa ko raunin bugu: yadda ake rarrabe su a jikin tsohon sule

Za a iya ajiye sule biyu na zamanin Sarkin Ingila Joji na Biyar gefe da gefe, shekararsu ɗaya, gidan da ya buga su ɗaya, a tarar kowannensu tsakiyar kambin sarkin ya baje, gemun ma ba ya nuna gashi sosai. Amma ɗaya ya yi shekara da shekaru yana yawo daga hannu zuwa hannu har ya suɗe, ɗayan kuwa ko kasuwa bai taɓa shiga ba, haka ya fito daga inji domin bugun bai kama shi da kyau ba. A wurin masu tara tsofaffin kuɗi, na biyun ya fi na farkon tsada nesa ba kusa ba. Mai koyo yakan yi asara ta fuska biyu a nan: ko ya sayar da sabon kuɗi da arha don ya zaci ya suɗe, ko ya sayi suɗaɗɗe da tsada don mai sayarwa ya ce masa ai haka aka buga shi.

Tushen kuskuren shi ne dogaro da ƙirga zane, wato duba ko gashi ya fito, ko ganye ya fito. Rashin zane bai faɗi dalilin rashinsa ba. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne fatar ƙarfen a daidai wurin da zanen ya ɓace. Suɗewa tana ɗebe ƙarfe, kuma kafin ta ɗebe zane sai ta fara kashe sheƙi. Raunin bugu bai ɗebe komai ba, zanen ne tun farko bai samu ba, fatar kuwa tana nan yadda ta bar inji.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Ana yanko faifan ƙarfe fili, a gasa shi don ya yi laushi, a ɗan tayar masa da baki, sannan a sa shi tsakanin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, na gaba da na baya, da zobe da ke riƙe shi ta gefe. Bugu ɗaya ake yi wa kuɗin kashewa, da nauyin tan masu yawa. A wannan ɗan lokaci ƙarfen yakan malala ya cika ramukan da aka sassaƙa a jikin hatimi. Wurin da ya fi tudu a jikin kuɗi shi ne wurin da ya fi zurfi a jikin hatimi, don haka shi ne na ƙarshe da ƙarfe ke isa. Idan ƙarfin bugu ya gaza, nan ne zai fito babu zane. To kuma wannan tudun shi ne na farko da yatsa da aljihu da teburin mai kanti ke gogewa. Abin da ya sa ake rikicewa ke nan: matsalolin biyu wuri ɗaya suke sauka. Kamar bulo ne, akwai wanda kusurwarsa ba ta fito ba don ba a danna siminti ya cika ma'auni ba, akwai wanda ruwan sama ya cinye wa kusurwa bayan shekaru a jikin katanga.

Malalar ƙarfen nan tana barin siraran layuka da ido ba ya iya ware su ɗaya-ɗaya, suna tashi daga tsakiya zuwa baki. Su ne ke haifar da sheƙin bugu, hasken nan da ke zagaya fuskar sabon kuɗi idan ana juya shi a ƙarƙashin fitila. Layukan ba su da kauri ko kaɗan. 'Yan kwanaki a aljihu sun isa su baje su a kan tudu, kuma in sun tafi babu abin da ke dawo da su, ko man goge ƙarfe, ko wanki. Ƙyallin da gogewa ke kawowa dabam yake: ƙyalli ne tsayayye irin na cokali, ba ya zagayawa.

Haske da kayan dubawa

Fitila ɗaya tak ake so, mai fitar da haske daga wuri ɗaya. Tsohon ƙwan lantarki mai zare na wat 60 zuwa 100 shi ne wanda masu wannan aiki suka saba da shi. Doguwar fitila mai farin haske tana baza haske ko'ina, ta ɓoye ƙananan ƙarce-ƙarce, ta sa suɗaɗɗen kuɗi ya yi kyau. Hasken rana tsaka ma ya yi yawa. A rufe taga, a kashe sauran fitilu, a sa fitilar kamar santimita 30 zuwa 40 sama da hannu.

Gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 7 ya wadatar. Mai ninki 10 na tabbatar da abin da aka riga aka gani ne. Wanda ya fara da babban gilashi zai ga ƙananan tabo da yawa har ya manta da kallon kuɗin gaba ɗaya. A shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan tebur saboda faɗuwa, a wanke hannu a busar, a riƙe kuɗin ta gefe tsakanin babban yatsa da manuniya. Kada yatsa ya taɓa fuskarsa, domin gumi yana barin shaida a jikin tagulla da azurfa wadda kan bayyana bayan watanni.

Yadda ake dubawa

Ka fara da ido zalla. Karkata kuɗin kaɗan, ka riƙa juya shi a hankali yadda hasken zai zagaya. Kada ka kalli hoton sarki tukuna, kalli filin da ke gaban fuskarsa da na bayan ƙeyarsa. Fili buɗaɗɗe ba shi da abin da zai kare shi, saboda haka kuɗin da ya shiga kasuwa yakan rasa sheƙi a nan da wuri. Idan ka ga tsakiyar filin ya dushe, sheƙi ya rage sai a kewayen haruffa da lungunan zane inda yatsa ba ya isa, to kuɗin ya yi yawo, ko me mai shi ya faɗa. Idan kuwa sheƙin ya cika filin daga baki zuwa baki, ba yankewa, amma tudun ya baje, to zargi ya fara komawa kan bugu. Da wuya ƙwarai hannu ya cinye kambi ya bar fili sabo fil.

Sai ka bi hasken da ido yayin da yake hawa tudu. A kuɗin da bai yi yawo ba, hasken yakan hau kunci da kafaɗa ya sauka ba tare da ya mutu ba. A wanda ya fara suɗewa, da ya iso tudun sai ya yanke, ya bar wani ɗan tabo mai launi dabam, sannan ya ci gaba a ɗaya gefen. Launin tabon ya danganta da ƙarfen. A azurfa toka-toka ne mara rai. A ƙarfen kwabo mai huji, wato gaurayen jan ƙarfe da nikel, dushi-dushi ne da ya fi kewayensa duhu. A tagulla tudun kan bambanta da filin, ko ya fi shi haske ko ya fi shi duhu, ya danganta da yadda kuɗin ya tsufa. Muhimmin abu shi ne bambancin kansa. Wurin da bugu bai cika ba launinsa ɗaya ne da sauran jikin kuɗin, domin tare suka tsufa, babu abin da ya taɓa ɗaya ya bar ɗaya.

Yanzu ɗauki gilashi ka duba tabon. A nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Suɗewa tana yin shafaffen dandamali, sumul, kamar an yanke kan tudun, kuma iyakarsa a bayyane take inda ya haɗu da zanen da ya rage. A kansa za ka ga siraran ƙarce masu tafiya ta kowace fuska, wasu na haye wasu. Raunin bugu kuwa yakan bar tudun a dunƙule, da ɗan kumburi, zanen yana narkewa a hankali ba tare da iyaka ba. Fatarsa ba sumul take ba, tana da ɗan gautsi-gautsi kamar yashi mai laushi, domin fatar faifan asali ce da hatimi bai taɓa ba. Sau da yawa ana ganin ƙananan tabo masu dunƙulallen baki da faifan ya samu tun kafin bugu, lokacin da yake gogayya da 'yan uwansa, ko layuka a jere masu bin fuska ɗaya daga injin da ya murje ƙarfen. Da bugu ya cika, da ya shafe su. Ganinsu shaida ce mai ƙarfi cewa ba hannu ne ya baje wurin ba, don hannu zai fara shafe su ne kafin komai.

Akwai abin lura a nan da kan ruɗi mutane. Wurin da bugu bai cika ba shi ma ba ya da cikakken sheƙi mai zagayawa, tunda ƙarfen bai gogu da hatimi ba balle ya samu layukan. Don haka kada a ce duk inda sheƙi ya canja suɗewa ce. Tambayar ita ce: wurin yana da haske da rai ko ya mutu, kuma akwai ƙarce a kansa ko babu.

Daga nan juya kuɗin ka nemi abin da ke daidai bayan tabon. Ƙarfen faifai ƙayyadadde ne, in tudun gaba da tudun baya suka yi karo a wuri ɗaya, sai su raba shi, kowanne ya fito da rauni. Ka lura da yadda kuɗin ke juyawa kafin ka yanke hukunci: kuɗin Ingila na ƙarni na 20 ana juya su ta gefe hoton baya ya tsaya daidai, na Amurka kuwa sai an juya daga sama zuwa ƙasa. In rauni ya zo gaba da baya a wuri ɗaya, alhali wasu tuddan da ke nesa da wurin suna da kaifi, bugu ne. Suɗewa ba ta zaɓe, duk abin da ya yi tudu sai ta taɓa shi gwargwadon tudunsa, gaba da baya. Kambi ba zai suɗe kunne da gashin baki da kafaɗa su tsira ba.

Abu na ƙarshe shi ne baki da gefe, waɗanda mutane da yawa ke mantawa. Cikakken bugu yana tura ƙarfe har cikin zobe, bakin ya fito a tsaye da kusurwa, zarar gefe, wato ƙananan layukan da ke jere a gefen kuɗi, ta fito da zurfi. Bugu mara ƙarfi yana barin baki a dunƙule, zara kuma sama-sama, amma babu tabon faɗuwa. Kuɗin da ya yi yawo bakinsa na ɗauke da ƙananan lotsawa nan da can, kan zarar kuma ya goge ya yi santsi.

Sule da fataka na Afirka ta Yamma

Kuɗin da aka fi samu a tsofaffin akwatuna a ƙasar Hausa su ne na Turawan Ingila. Anini da kwabo masu huji sun fara fitowa a 1907. An kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, a 1913 kuma aka fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Daga 1920 aka bar azurfa aka koma gaurayen tagulla mai launin rawaya. Ba gida ɗaya ke buga su ba: wanda babu ƙaramin harafi a jikinsa na gidan buga kuɗin gwamnati ne a Landan, mai H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, mai KN na kamfanin King's Norton ne, akwai kuma masu SA daga Pretoria. Sanin wannan yana da amfani don kwatanci. Kuɗi ana kwatanta shi ne da ɗan uwansa na shekara ɗaya, gida ɗaya, ƙarfe ɗaya. Sulen azurfa na 1913 ba ma'auni ba ne ga sulen tagulla na bayan 1920, domin azurfa ta fi karɓar bugu cikin sauƙi.

A hoton Joji na Biyar mai kambi, wurin da ya fi tudu shi ne maɗaurin kambin, daidai saman kunne. Kuɗin Ostireliya na wannan zamani suna ɗauke da irin wannan hoto, kuma masu tara su sun saba ƙirga ƙwayoyin lu'ulu'u takwas da ke jikin maɗaurin, da siffar daimon da ke tsakiya. Ƙwayoyi biyun da ke dab da daimon ɗin su ne ke fara ɓacewa. Ƙirgar tana da amfani, amma ita kaɗai tarko ce, don akwai kuɗin da bai taɓa yawo ba da ke nuna shida kawai. In ka ga shida, kada ka tsaya nan. Duba saman kunne, ƙarshen gashin baki, gemu, da kafaɗar alkyabbar. A baya kuma duba gangar bishiyar kwakwar manja da tsakiyar ganyenta inda rassa suka haɗu. In waɗannan duka suna da sheƙi, filin ma haka, to ƙwayoyi biyun ba su taɓa fitowa ba ne.

Kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini masu huji sun fi sauƙi, tunda babu hoton mutum a jikinsu, har waɗanda aka buga a 1936 da sunan Edward na Takwas. Zanensu ba shi da tudu sosai. Suɗewa takan fara a kan kambin da ke saman hujin da kan layukan tauraro mai kusurwa shida. Layin tauraron sabon kwabo yana da kaifi, na suɗaɗɗe yakan yi faɗi ya yi santsi. Bakin hujin ma shaida ne: wanda aka daɗe ana zura wa igiya hujinsa ya goge ya yi laushi.

Ba duk rauni ne na ƙarancin ƙarfi ba

Wani lokaci masu inji kan ɗan nisanta hatimi biyu da gangan don kada su fashe da wuri, wani lokaci kuma faifan ne ba a gasa shi ya yi laushi sosai ba. Waɗannan su ne raunin da aka bayyana a sama. Amma akwai wasu da kamanninsu ya bambanta.

Tsohon hatimi da ya buga dubban ɗaruruwa yakan gaji. Kuɗinsa zane ya yi laushi ko'ina, haruffa sun yi kauri kamar ana jan su zuwa baki, fili ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemu. Abin mamaki shi ne irin wannan kuɗi sau da yawa sheƙinsa ya fi na kowa ƙarfi, saboda layukan malala sun yi zurfi a jikin hatimin. Zane mai laushi tare da sheƙi mai ƙarfi ba zai taɓa zama suɗewa ba.

Akwai kuma hatimin da maiko da ƙurar ƙarfe suka toshe wa rami. Harafi ɗaya ko lamba ɗaya ta shekara sai ta dushe ko ta ɓace, maƙwabtanta suna nan garau, baki da zara ma cikakku. Hannu ba ya iya goge harafi ɗaya ya bar na kusa da shi.

Hatimin da aka goge fiye da kima yana yin akasin suɗewa. Gogewar tana cin saman hatimin, wato wuraren da ba su da zurfi, saboda haka zane mara tudu ne ke ɓacewa, mai tudu ya tsaya. Sanannen misali shi ne kuɗin Amurka na santi biyar mai hoton ɓauna na 1937 daga gidan bugu na Denver, wanda ƙafar gaba ɗaya ta ɓace har ake kiransa mai ƙafa uku. Idan kuma hatimi biyu ba su daidaita ba, gefe ɗaya na kuɗin zai fito da ƙarfi, kishiyarsa da rauni, gaba da baya.

Misalai biyu da ya kamata a sani

Kwabon tagulla na Ingila na Joji na Biyar daga 1911 zuwa tsakiyar shekarun 1920 shi ne darasi mafi kyau a kan karon tudu da tudu. Kan sarkin da Bertram Mackennal ya zana yana da girma da tudu, yana janye ƙarfe da yawa, har inuwarsa takan bayyana a bayan kuɗin kewaye da hoton Britannia, matar da ke wakiltar Birtaniya, ita kuma fuskarta da ƙirjinta su fito a baje. An gyara hoton a 1926, aka ƙara rage girman kan a 1928, don magance wannan. Waɗanda Heaton da King's Norton suka buga a 1918 da 1919 sun yi suna wajen laushin zane. Wanda zai ba irin wannan kwabo matakin inganci bisa fuskar Britannia kaɗai zai zalunce shi.

Na biyu shi ne dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, sannan a 1921. Gashin da ke saman kunnen matar da ke gaban dalar yana daidai bayan ƙirjin mikiyar da ke ɗaya fuskar. Na gidan New Orleans, masu harafin O, musamman na farkon shekarun 1890, sukan fito da gashin a baje da ƙirjin mikiya babu gashin tsuntsu, alhali na San Francisco na 1880 da 1881 sun shahara da kaifi. Masana ba sa tsayawa kan gashin a dalar New Orleans, kuncin matar suke dubawa. Kunci faffaɗa ne, bugu yana cika shi kusan kullum, kuma ba ya ɓoye gogayya. Wannan dabara tana aiki a kowane kuɗi: nemi wuri mai tudu wanda ka san bugu ba ya gaza cika shi, ka sa shi ya zama shaida.

Inda gwajin sheƙi ke gazawa

Babbar matsala ita ce wanki. Kuɗin da aka goge da toka, ko lemun tsami, ko man goge tagulla, ya rasa fatarsa ta asali, tudu da fili duka. Alamarsa ƙarce masu bin fuska ɗaya a fili, da datti da ya maƙale a kewayen haruffa alhali sauran jikin na walƙiya. A irin wannan ba za a iya rantsuwa cewa bai yi yawo ba, sai dai a dogara da siffar tudu da baki da zara, a kuma faɗa a fili cewa wankakke ne. Kada ka wanke kuɗi don ka ga abin da ke ƙasa, wankin zai hallaka shaidar da kake nema, ya kuma karya farashin.

Azurfar da ta dafe saboda daɗewa ba ta rasa sheƙi ba, yana nan a ƙarƙashin launin, sai dai a ƙara karkata ta a matso da fitila. In launin ya yi haske a kan tuddai kaɗai, an taɓa wurin. Tabon da kuɗi ke yi wa junansu a cikin buhun banki kuwa ba suɗewa ba ne: sara ne ɗaya-ɗaya masu ƙyalli, sheƙi na kewaye da su.

Sulalla da dalolin azurfa da aka yi ado da su, a gashi ko a wuya, suna da tasu suɗewar: santsi ko'ina har cikin lunguna saboda gogar fata da tufafi, da alamar dalma ko cikakken huji a baki. Dalar Maria Theresa ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita har Borno da ƙasar Hausa, ta fi kowa shiga wannan hali. Ita kuma duk wadda aka buga bayan 1780 shekarar 1780 ɗin aka ci gaba da rubuta mata, a Vienna ko Landan ko Roma ko Bombay, don haka ingancin bugunta ya bambanta ƙwarai. Ƙwayoyin da ke jikin maɗaurin kafaɗar sarauniyar da rubutun da ke gefe su ne wuraren dubawa.

Sai jabu. Kuɗin da aka zuba a ma'auni maimakon bugu zanensa laushi ne ko'ina, ya yi kama da raunin bugu ga wanda bai saba ba. Amma ba shi da sheƙi mai zagayawa ko kaɗan, yana da ƙananan ramuka da ƙuraje a fili, wani lokaci da layin haɗi ko alamar zarto a gefe. Jabun sule ya yi yawa a zamanin mulkin mallaka, shi ya sa daga 1938 aka yi wa sule da fataka gefe mai kwari a tsakiya. A nan sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram yana da amfani: sulen azurfa giram 5.66 ne, fataka 11.31, dalar Morgan 26.73, ta Maria Theresa 28.06. Amma kada a nemi sikeli ya raba ƙaramar suɗewa da raunin bugu. Ƙarfen da ke tafiya a farkon suɗewa bai kai bambancin da ke tsakanin sababbin faifai biyu ba. Sikeli na kama jabu ne, da faifan da ya fito sirara, da kuɗin da ya suɗe tilis.

Ba da mataki

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a kasuwar duniya shi ne na maki 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suke bi. Daga 60 zuwa 70, masu alamar MS, na kuɗin da babu suɗewa ko kaɗan a jikinsu ne. Daga 50 zuwa 58, masu alamar AU, na waɗanda gogayya ta ɗan taɓa tuddansu ne. Iyakar da ke tsakanin 58 da 60 ita ce inda duk wannan bincike ke da nauyi. Raunin bugu ba ya fitar da kuɗi daga rukunin MS, amma yana hana shi hawa can sama, kuma mai saye yana da haƙƙin ya fifita mai kaifi. Don haka ne a wasu kuɗin Amurka ake ƙara alama ta musamman ga mai cikakken bugu, kamar cikar kai a kwata, wato rubu'in dala, mai hoton mace a tsaye, ko cikar layukan ƙararrawa a rabin dala mai hoton Franklin.

Mafi wuya shi ne kuɗin da ya haɗa biyun, ya fito da rauni sannan ya yi yawo, kuma yawancin tsofaffin sulalla haka suke. Da zarar suɗewa ta hau kan wurin da bugu bai cika ba, ta shafe gautsin faifan, shaidar ta tafi. A nan sai a bar wurin da ake gardama a kansa, a auna da sauran: yawan sheƙin da ya rage a kewayen haruffa, kaifin haruffan kansu, yanayin baki, da tuddan da bugu ke cikawa kullum. Idan gaba da baya suka saɓa, a karkata ga wanda ya fi muni, musamman in shi ne gaba. Idan bayan duk wannan shakka ta rage, a ba shi matakin ƙasa. Wajen rubuta bayani a jikin ambulan ɗinsa, a raba abubuwan uku kowanne da layinsa: matakin suɗewa, ingancin bugu da wurin da ya yi rauni, sannan duk wani aibi kamar wanki ko lotsawar baki ko alamar dalma.